Jaki, Juji da Haraji: Tarihin Sharar Birnin Kano Daga Bakin Gona

A duk ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, idan muka murɗa akwatin rediyo da hantsi a nan ƙauyenmu da ke arewa da birnin Kano, kusan labari guda muke ji. Mutanen unguwa kaza sun yashe lambatu sun tara ƙazanta a bakin titi, amma mota ba ta zo ta kwashe ba. Bolar unguwa kaza ta cinye rabin hanya. Jami'i ya ce motoci sun yi kaɗan, mai unguwa ya ce jama'a ba sa jin magana, jama'a kuma su ce ina amfanin kansila. Dattawanmu da ke zaune a gindin darbejiya sukan yi murmushi idan sun ji wannan ce-ce-ku-ce, domin kuwa sun ga zamanin da wannan shara da ake kuka da ita, sai mai uwa a gindin murhu yake samun ta.

Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ba a iya rubuta tarihin hidimar unguwannin birnin Kano daga cikin ganuwa kawai. Tun kafin a san wani abu wai shi hukumar kwashe shara, akwai masu kwashe ta, kuma tun kafin famfo ya zubo da ruwa a birni, akwai waɗanda suka biya kuɗinsa. Waɗannan mutane kuwa su ne iyayenmu da kakanninmu, manoman ƙasashen Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir da Gezawa da sauran gundumomin da suka yi wa birni zobe.

Birnin da bai da ma'aikatar shara

Tarihi ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar Kano a ƙarni na 12, Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) kuma ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi. Matafiyan Turawa da suka shigo a ƙarni na 19 sun bar mana bayanin yadda suka sami garin. Clapperton, wanda ya iso a 1824, ya yi mamakin girman kasuwar, amma ya koka da fadamar Jakara da ta ratsa tsakiyar gari, da kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, waɗanda ruwa ke kwanciya a cikinsu ana kuma zuba musu ƙazanta. Barth, wanda ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, ya ce adadin kan ninka a lokacin rani saboda fatake. Shi ma bai yabi tsaftar Jakara ba. To amma da ya dubi karkarar da ke kewaye da birnin, sai ya kamanta ta da lambu.

A nan ne ya kamata mai karatu ya ɗan dakata. Gari mai mutum dubu talatin zuwa sittin, da dawakansu da jakunansu da awakinsu da raƙuman baƙi, kowane gida yana hura wuta sau biyu ko uku a rana, ina toka da kashin dabbobi da sharar tsakar gida suke tafiya? Kuma ƙasar arewacin Kano da muka sani, jigawa ce mai rairayi, wadda idan aka noma ta shekara uku a jere ba a ba ta komai ba sai ta gaji. Me ya mayar da ita lambu? Amsar tambayoyin nan biyu guda ce. Abin da birni ya zubar shi gona ta ci.

Yadda abin yake gudana

Mu da aka haifa a farkon shekarun 1980 mun riski ƙarshen wannan tsari, kuma mun yi masa bauta da ƙafafunmu. Da zarar an gama kaka an ɗaure dawa, sanyi ya shigo, sai aikin jaki ya tashi. Tun kafin kiran assalatu ake ɗaura akumari. Jaki ba ya shiga birni haka nan: ana ɗora masa itace, ko kara, ko harawa, ko ƙaiƙayi, wani lokaci buhun gero. Ayari kan haɗu a hanya, na wannan ƙauye ya tarar da na wancan, har a doshi ƙofofin arewa, wato Ƙofar Ruwa da Ƙofar Mazugal da Ƙofar Dawanau da Ƙofar Waika. Kafin rana ta take an sauke kaya an sayar. Daga nan sai a shimfiɗa mangala a bayan jaki a nufi gidan da aka saba.

Wannan kalma ta sabo ita ce ginshiƙin al'amarin. Kusan kowane magidanci a ƙauyenmu yana da gida ko gidaje a birni da yake kwashe wa turke da juji, kuma sau da yawa gadon abin ya yi daga mahaifinsa. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yana da irin wannan gida a wata unguwa da ke gindin Dala. Idan mun isa, yara su sheƙa ciki su ce ga Baba na ƙauye ya zo, a kawo mana ruwa da ɗumame, sa'an nan mu shiga da magirbi da kwando. Wani gidan kuɗi ake biya, wani gidan kuma da kaka a kai musu damin gero ko ƙwaryar wake, shi ke nan an biya. Idan wani baƙon manomi ya riga ka kwashe turken da ka saba, magana ce da kan kai gaban mai unguwa.

Takin ma hawa-hawa ne. Na turken awaki da tumaki shi ne sarki, sai na doki, sai toka, sa'an nan sharar juji wadda ta daɗe ta ruɓe ta yi baƙi. Idan an iso gona ba a baza shi nan take, sai a zuba shi tsibi-tsibi a jere, a bar shi har gab da faɗuwar damina. Duk wanda ya bi hanyar Dambatta ko ta Katsina a watan bazara a wancan zamani, zai ga gonaki sun yi ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa. Da yawan tsibin ake gane manomin kirki, kuma dattawa sun tabbatar mana har wajen neman aure akan saci kallon gonar saurayi.

Saboda wannan taki ne ƙasarmu ta daina sanin hutu. A wasu sassan ƙasar Hausa akan bar gona ta yi saura shekara da shekaru, amma a kewayen Kano kowace shekara ana shuka kowane taƙi, gero da dawa a haɗe da wake da gyaɗa, ga ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya a tsaye a tsakiyar gona kowace da mai ita. Harawar wake da ta gyaɗa ta ciyar da dabba, dabba ta ba da taki, abin da ya gaza kuma a ciko shi daga birni.

Masana sun zo sun tarar da abin, sun rubuta. Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wanda daga baya ya koma Jami'ar Bayero, shi da abokin aikinsa Wilson sun fitar da rahoto a 1965 kan ƙasa da jama'ar gundumar Ungogo. Shi ne ya yayata sunan da masana suke kiran yankinmu da shi har yau, wato yankin Kano mai cunkoson mazauna. Ya nuna yadda ɗaruruwan jakuna suke shiga birni da itace su fito da taki a kowace rana ta rani, da yadda mutane masu yawan gaske suke rayuwa a kan 'yan ƙananan gonaki ba tare da ƙasar ta mutu ba. A lokacin da wasu masanan Turai suke cewa yawan jama'a shi ke jawo hamada, ƙasar Kano ce ta zama hujjar masu cewa ba lalle ba ne. A shekarun 1990 wata masaniya, Frances Harris, ta zauna da manoman Tumbau tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita, ta kuma tarar dabba da harawa su ne suke riƙe da ƙarfin ƙasar.

Wani abin lura a nan shi ne, shi wancan rahoto na 1965 an rubuta shi ne domin hukumar tsara birnin Kano da kewaye. Wato tun a lokacin masu tsara birni sun san da jakunanmu. Sai dai sanin bai sa an ba su gurbi a cikin tsarin ba.

Taki na biyu

Hausa tana da abin dariya. Kalmar da muke kiran abincin gona da ita, idan aka sauya mata karin sauti, ita ce kuma ta taka ƙasa da ƙafa. Wannan taki na biyu shi ma ya shiga tarihinmu, kuma ya fi na farko ɗaci.

Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903 sun naɗa Sarki Abbas, sai suka shiga gyaran hanyar tara kuɗi. A zamanin Razdan Cargill aka yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma, aka ce hakimai su bar birni su koma cikin ƙasashensu da zama. Ta haka Madaki ya zauna a Dawakin Tofa, Sarkin Bai kuma a Dambatta. Sa'an nan aka fito da awon gonaki da ƙafa, malaman taki suna zagaya gona suna ƙirga sawu, a yanka wa mai ita haraji gwargwadon faɗinta. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa a 1909 tana cikin wuraren da aka horar da ma'aikatan irin wannan aiki. Gundumomin da ke kusa da birni su suka fi shan awo, saboda a nan ne kowace gona take da iyaka da mai ita.

Kuɗin da aka tara akan raba shi, da farko rabi da rabi, tsakanin gwamnatin Turawa da baitulmalin En'e. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai baitulmalin Kano ya zama babu kamarsa a duk En'o'in Nijeriya. Da wannan dukiya aka yi manyan ayyukan zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926 zuwa 1953): asibitin birni da ke Ƙofar Mata, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala, aikin ruwan Challawa da wutar lantarki a farkon shekarun 1930, inda aka riƙa turo ruwa zuwa tanki a kan Goron Dutse ya gangaro cikin gari, da sabon ginin babban masallacin Juma'a da aka gama a farkon shekarun 1950. An kasa birni fuska huɗu, gabas da yamma da kudu da arewa, kowace da wakilinta, masu unguwanni suna ƙarƙashinsu. A wannan zamani ne kuma aka san duba-gari, mai leƙa randa da masai da kwata, wanda tsofaffin matan birni har yau suke ba da labarin tsoronsa.

To, su wa suka biya? Ƙidayar 1952 ta ba birnin Kano da wajensa mutum kimanin 130,000, alhali lardin Kano ya haura miliyan 3. Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane daga aljihun wa mafi yawan harajin ya fito. Ba muna cewa En'e ba ta yi wa ƙauye komai ba. Ta gina rijiyoyin siminti, wasunsu har yanzu ana sha, ta yi ɗakunan shan magani da makarantun elementare a garuruwan hakimai. Amma idan aka ɗora wannan a sikeli da famfo da lantarki da asibiti, an san inda rinjaye yake. Kakanmu ya biya haraji fiye da shekara arba'in, bai taɓa buɗe famfo da hannunsa ba sai ran da ya je jinya birni. Wannan ƙorafi na haraji da aikin tilas yana cikin abin da ya sa jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta sami masu saurare a karkara duk da wuyar da magoya bayanta suka sha.

Zamanin hukumomi

Daga samun mulkin kai zuwa yau, abin da birnin Kano bai rasa ba shi ne hukuma. A farkon shekarun 1960 aka kafa hukumar tsara birni da kewaye, aka ɗauko wani masani mai suna Trevallion ya zana tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zama gwamna, aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul a duk ƙasa, aka ɗora musu kula da kasuwanni da tashoshin mota da magudanan ruwa da kwashe shara. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, kuma babu wanda ya kai mutanen karkara murna. Sai dai wani abu ya biyo baya wanda ba a cika faɗa ba: tun da kuɗin ƙaramar hukuma ya koma fitowa daga rabon arzikin man fetur, sai ya zamana ba ta buƙatar talaka kamar yadda En'e ta buƙace shi. Da, dagaci ya san yawan magidantan garinsa ɗaya bayan ɗaya saboda kuɗin da zai tara. Yanzu wa ke ƙirga mu in ba lokacin zaɓe ba?

A 1985 gwamnatin soja ta Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da babin tsaftar muhalli na shirinta na yaƙi da rashin ɗa'a, kuma a Kano aka yi bikin. Tsaftar ƙarshen wata da muka buɗe zance da ita ta samo asali ne daga wancan lokaci. Hukumar raya birane ta rikiɗe ta zama KASEPPA, daga baya KNUPDA, a 2003 kuma aka kafa REMASAB musamman domin shara. Ƙananan hukumomin jihar sun kai 44 tun 1996, takwas daga cikinsu ake lissafawa a matsayin ƙwaryar birni da kewaye: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo.

A duk wannan jerin sunaye babu inda aka ambaci manomi. Amma shi bai fasa zuwa ba. Da birni ya yi faɗi, tafiyar jaki ta yi nisa, sai tifa ta maye gurbinsa. Masu hali sukan yi ciniki da direba ya juye musu lodin shara a gona maimakon ya kai ta ramin da aka tanada. Wani bincike da Lewcock ya buga a 1995 ya tarar manoman kewayen Kano suna biyan kuɗi don samun wannan shara, kuma abin da ake samu bai isar masu nema. Takin zamani da gwamnati ta riƙa saukar wa farashi tun daga shirin ciyar da ƙasa na 1976 ya ɗan rage wa juji daraja na wani lokaci, amma da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, buhu ya yi tsada, sai aka koma gidan jiya.

Leda

Abin da ya karya wannan tsohuwar hulɗa ba doka ba ce, ba kuma hukuma ba. Leda ce.

Sharar da mahaifinmu yake kwasowa, duk abin da ke cikinta ƙasa ta san shi. Ganyen da aka ƙunshe alala ko goro, tsumma, fasasshiyar ƙwarya, karan tsintsiya, ɓawon gyaɗa, toka. Abin da kawai muke tsincewa shi ne kasko da ƙashi da ɗan guntun ƙarfe. Daga shekarun 1980 baƙar leda ta fara maye gurbin ganye da takarda a kasuwa, a shekarun 1990 kuma ruwan leda ya zo, wanda shi kansa shaida ne cewa famfo ya gaza. Sai kuma gawayi da risho da gas suka rage toka, gidajen bulo na sababbin unguwanni kuma ba kowanne ke da turke ba. Wato abin amfanin da ke cikin shara ya ragu, abin cutarwa ya ƙaru: leda, batir, fasasshiyar kwalba, allurar asibiti, ƙunzugun jarirai na zamani.

Duk wanda ya sayi lodin tifa yanzu sai ya ɗauki yara kwana biyu ko uku suna tsince leda da manjagara, a tara a ƙone, hayaƙin ya turnuƙe gari. Wadda ta kuɓuce kuma ta shige ƙasa, ta hana ruwa ratsawa, ta naɗe saiwar gero, garma ta riƙa tono ta shekara da shekaru. Iska ta kwashi sauran ta rataya a kan ƙaya da shingen gona. Shekara uku da suka wuce wata akuyarmu mai ciki ta riƙa ramewa tana cin abinci ba ya yi mata amfani. Da muka ga za ta mutu aka yanka, mahauci ya ciro dunƙulen leda daga tumbinta wanda ya kusa cika ƙwaryar awo. Ya ce mana wannan ba ya cikin manyan da ya gani. Roy Maconachie, wanda ya fitar da littafi a 2007 kan bunƙasar Kano da lalacewar ƙasar kewayenta, ya ji irin wannan kuka daga bakin manoma da dama.

Ruwa ma haka. Kogin Jakara, wanda Clapperton ya yi kuka da shi shekara ɗari biyu da suka wuce, yanzu shi ke ɗauke da dagwalon unguwannin birni, rafin Getsi kuma ya kawo masa na masana'antun Bompai, su gangara arewa maso gabas zuwa dam ɗin da aka yi a Wasai ta ƙasar Minjibir a 1976. Da wannan ruwa ake ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo da ake mayarwa kasuwannin birni. Abin da ka shuka, in ji masu iya magana, shi za ka girba, amma a nan wani ke shukawa wani ke girba, sa'an nan a taru a ci tare.

Da birni ya iso ƙofar gida

Polly Hill, wata Baturiyar Ingila, ta zauna a Ɗorayi a farkon shekarun 1970 tana nazarin rayuwar manoma, ta fitar da littafinta a 1977. Ɗorayin da ta bayyana karkara ce ta gidaje a warwatse cikin gonaki. Yau idan muka gaya wa ɗalibanmu na sakandare cewa an taɓa kawo Ɗorayi a matsayin misalin ƙauye, dariya suke yi. Abin da ya sami Ɗorayi ta kudu maso yamma shi ya sami Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa ta arewa, ya bi hanyar Katsina har ya haɗe da Dawanau, inda babbar kasuwar hatsi ta zauna tun tsakiyar shekarun 1980. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Ungogo mutum fiye da 360,000, a ƙasar da Mortimore ya auna gonaki.

Hanya biyu birni yake cin gona. Ta farko ita ce ta gwamnati. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma idan an karɓi gona domin amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gini. Ƙarfin da kaka da uba da ɗa suka zuba wa ƙasar da mangala, shekara ɗari, ba ya cikin lissafi. Hanya ta biyu ta fito ne daga tsoron ta farko. Da manomi ya ji ƙishin-ƙishin za a yanka fulotai a yankinsu, sai ya riga gwamnati: ya kira dillali, a kawo igiya, a yanka gonar gida-gida a sayar. Wannan shi ne awon igiya, kuma da shi aka gina mafi yawan unguwannin da suka taso a gefenmu. Mai gona yana son kowane taku ya zama kuɗi, saboda haka lungu ya ƙuntata, ba filin makaranta, ba na asibiti, ba hanyar ruwa, ba wurin zuba shara. Ba za mu ɗora wa manomi laifin duka ba, tun da wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta ba a hana shi shafa wa nasa ruwa. Amma ba za mu wanke shi tas ba.

Sakamakon shi ne unguwa mai cunkoson birni da hidimar ƙauye. Ruwa sai na 'yan garuwa masu tura kura da jarkoki daga rijiyar burtsatsen wani mai hali. Taransifoma sai an yi karo-karo. Kwalbati sai ƙungiyar taimakon kai da kai ta yi aikin gayya. Kududdufan da suke shanye ruwan sama an cike su da shara an yi gini a kai, shi ya sa ruwan awa biyu kan rushe gidaje. Mun taɓa raka dattawan wata sabuwar unguwa da ke maƙwabtaka da makarantarmu kai kuka kan bolar da ta toshe hanyar da yara ke bi. A ofishi na farko aka ce mana shara aikin jiha ne. A na biyu aka ce unguwar ba ta cikin taswira, saboda haka ba ta cikin jadawalin mota. Muka dawo da takarda mai hatimi biyu, bola kuwa tana nan inda muka bar ta. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, dattawan nan suka ji a rediyo suka aiko suna tambayarmu ko wannan na nufin mota za ta zo. Muka ce mu ma ido muka zuba.

Ko a wajen labari ma akwai bambanci. A shekarun 1950 lardin Kano yana da jaridarsa ta Hausa, Sodangi. Kamfanin Triumph da aka kafa a 1980 ya fitar da Albishir da kuma Alfijir ta ajami. Tun da gidan rediyon Freedom mai zaman kansa ya fara aiki a Kano a 2003, mutumin unguwa ya sami inda zai kai kukan lambatu da taransifoma, kuma sau da yawa kukan yana yin amfani. Amma labarin yakan ƙare ne a daidai inda tifa ta ɗaga shara ta bar unguwa. Inda ta juye ta, da wanda ya tsince ta, da akuyar da ta ci ragowar, ba mu cika jin wanda ya bi sawu ba.

Bara da rani magadan wani maƙwabcinmu suka sayar da gonar da ke gabas da tamu. Gona ce da muka san ta da baƙar ƙasa, domin marigayin yana da jakuna uku, kuma ba ya fashin shiga birni. An kawo igiya an fitar da fuloti ashirin da 'yan kai, aka sare ɗorawa biyu da ke ciki. Kafin damina gida shida sun tashi, mutane sun tare. Da yake ba a ware musu wurin shara ba, sai suka mayar da wani kango da mai shi bai fara gini ba ya zama jujinsu, almajirai suna kai musu da baro ana ba su na abinci. Da jujin ya yi tudu, ɗaya daga cikin sababbin maƙwabtan ya zo har gida ya yi sallama da yayanmu, ya ce ya ji an ce manoma suna son shara, in yana so ya zo ya kwashe kyauta. Yaya ya je ya duba, ya sa sanda ya tona, ya yi masa godiya, ya ce a bana dai ya riga ya yi tanadi.